Bidiyon Kogin Offin: Muhawara a Zauren Matasan Zango, Kumasi

Giwar Sawaba: Salamu alaikum 'yan zaure. ku buɗe bidiyon nan da na turo yanzu, kogin Offin ne ta wajen Dunkwa, ruwan kamar an dama Milo. ina 'yan lema, mutanen NDC? ku fito ku yi mana bayani, ba ku ne kuka ce da kun hau galamsey, haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya ƙare ba? to ga riset ɗinku nan, gyaran ƙasar da kuka yi alkawari

Ɗan Aboabo: Wa alaikumus salam. tsohon bidiyo ne wannan yayana, tun 2023 yake yawo a Facebook, lokacinku ne ku 'yan giwa na NPP

Giwar Sawaba: na satin nan ne

Ɗan Aboabo: wallahi na 2023 ne, na san shi

Tica Asawase: Ku biyun nan dai. to in na 2023 ne, yau kogin ya washe? in kuma na satin nan ne, a 2023 garau yake ana shan sa? ai abin da ya sa kuka kasa gane shekarar bidiyon shi ne launin ruwan bai canza ba

Sakatare: Jama'a dokar zaure ta hana siyasa, amma wannan zan bari ta ɗan tafi don akwai abin da ya daɗe yana ci min rai. a watan Satumba na 2024 lokacin da aka kama masu zanga-zangar Democracy Hub a kan galamsey a Accra, mutum sama da 50, a cikin zauren nan aka kawo shawara mu ma mu fita mu yi tattaki daga Aboabo zuwa Kejetia. masu cewa a fita duk na san fatinsu, masu cewa kar a fita wai aikin 'yan adawa ne su ma na san fatinsu. kwanan baya da aka sake kawo shawarar nan, sai na ga mutanen dai su ne, amma sun yi musayar wuri. wanda ya ce a fita jiya yau shi ke cewa a ba gwamnati lokaci, wanda ya ce siyasa ce jiya yau shi ke tambaya yaushe za a buga riguna. saƙonnin suna nan ban goge ba, kar wanda ya sa in tono su

Hajiya Mai Waakye: Tono su ɗana, mu sha kallo

Ɗan Aboabo: Sakatare ba daidai ka auna ba. shekara 8 da shekara guda ba ɗaya ba ne. Tsohon shugaban ƙasa Nana Akufo-Addo da bakinsa a 2017 ya ce ya sa kujerarsa a kan maganar galamsey, me ya biyo baya? Operation Vanguard, sojoji da 'yan sanda 400, aka hana ƙananan masu haƙa aiki har masu lasisi sai Disamba 2018 aka buɗe, talakawa suka zauna ba abinci, eskabetocin da aka kama kuma aka wayi gari ana cewa kusan 500 sun ɓace. eskabeta fa, ba allura ba. ministansu Farfesa Frimpong-Boateng shi ya rubuta rahoto ya ambaci mutanen cikin gida, rahoton ya kwanta sai 2023 ya fito fili, aka ce wai babu hujjar da za a kai kowa kotu. Aisha Huang, 'yar Chinan nan mai galamsey, fa? a 2018 aka sa ta a jirgi aka mayar da ita China ba shari'a, ta dawo abinta, sai da aka sake kama ta a 2022. wannan duk lema ce ta yi?

Giwar Sawaba: Kuma wa ya ɗaure ta a 2023? gwamnatin wa? wa ya gyara doka a 2019 aka ce mai galamsey shekara 15 zuwa 25 a kurkuku? ƙanena ka fara tarihinka daga 2017 kamar kafin nan Pra da Ankobra ruwan zamzam ne. a 2013 Mahama ne a kan mulki aka kori 'yan China sama da 4,500, su wa suka bari suka shigo har suka kai wannan yawa? kuma a kamfen na 2020 wa ya tsaya a yankin ma'adinai ya yi alkawarin zai saki 'yan galamsey da ke ɗaure in ya ci? mu muka yi yaƙin muka sha duka a akwati, majalisa ta koma 137 da 137, kujerun garuruwan zinariya suka tafi, ku kuna gefe kuna tattara ƙuri'un da muka zubar. da 2024 ta zo kuma sai kuka zama masu son kogi

Direban Dunkwa: Ni dai ba na lema ba na giwa, hanyar nan nake bi kullum, Kumasi Obuasi Dunkwa, wani lokaci har Ayanfuri. abin da idona ya gani zan faɗa. changfan, injin nan da ake haƙa da shi a cikin kogi, yana kan ruwa lokacin giwa, yana kan ruwa yanzu. abin da ke canzawa shi ne wa ake kira a waya in sojoji sun taho. wani mai rami da nake kai wa dizal ya ce min shi riga biyu gare shi a cikin mota, kuma duk zaɓe gida biyu yake kai gaisuwa, ba zan faɗi gari ba. yaran da ke cikin ramin kuma namu ne, 'yan zango da 'yan arewa da 'yan Burkina da Nijar, in rami ya rufta mu ake kira mu ɗauko gawa. mai eskabeta bai taɓa kwana a sel ba, yaron da ke wanke ƙasa da kwano shi ake nunawa a talabijin

Tica Asawase: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Bari in ɗauki abu ɗaya kawai in nuna muku yadda hannun kowa ke ciki, dokar nan L.I. 2462 da ta buɗe ƙofar haƙa a gandun daji. gwamnatin NPP ce ta kawo ta a 2022, wannan ba musu. amma irin wannan doka ajiye ta ake yi a majalisa, in ta yi kwana 21 na zaman majalisa ba a ture ta ba shi ke nan ta zama doka. a lokacin kakakin majalisa Bagbin ne, ɗan NDC, rabin kujeru na NDC ne, kwamitin da ke duba irin waɗannan dokoki ma ɗan NDC ke shugabanta. ban ji ƙasa ta girgiza ba a lokacin. ƙungiyoyin kare muhalli irin su A Rocha ne suka yi ta ihu su kaɗai kusan shekara 2 kafin 'yan siyasa su gane akwai ƙuri'a a cikin maganar. da aka zo kamfen kowa ya ce zai soke ta. da aka hau kuma sai aka fara da cewa gyara za a yi mata, sai da mutane suka sake tada jijiyar wuya kafin a soke ta a ƙarshen 2025

Ɗan Aboabo: Malama amma ki faɗi cewa ture irin dokar nan sai da kashi biyu cikin uku na majalisa, mu kuma rabi gare mu. kuma dai a ƙarshe wa ya soke ta?

Tica Asawase: Gaskiya ne sai da kashi biyu cikin uku. amma rashin iya turewa daban, yin shiru daban. kuma eh ku kuka soke, na ba ku wannan, rubuta ka ajiye

Giwar Sawaba: Malama ta raba mana gardama, kowa ya ci

Tica Asawase: Ban ce kowa ya ci daidai ba, kar ka sa min magana a baki. wanda ya riƙe wuƙa da nama shekara 8 kasonsa ya fi girma. na ce dai wanda ke riƙe da su yanzu shi za a tambaya yanzu

Hajiya Mai Waakye: Ni kun ga duk wannan L.I. da kuke lissafi ban san shi ba. abin da na sani ruwa nake dafa abinci da shi, in famfo ya ɗauke kwana biyu sai na sayi na galan, ribar ranar ta tafi. kontomire da kabeji da nake saye a kasuwa yanzu sai kwastoma ya tsaya yana tambaya ta Hajiya daga ina ganyen nan ya fito, wai ya ji a rediyo ƙasar wasu wurare ta sha guba. ni ina zan sani? mai kawowa ma bai sani ba. kifi ma haka. to wannan tambayar da ake min ba a tambayar katin fati kafin a yi ta

Nas Tafo: Hajiya tambayar tasu tana da tushe. zaiba da suke kama zinariya da ita, makuri ɗin nan, kashi biyu take cutarwa. wanda ke ƙona ta don zinariya ta fito yana shaƙar hayaƙin kai tsaye, yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, hannu ya riƙa rawa. wadda ta zube a ruwa kuma tana shiga jikin kifi ta taru, babban kifi ya ci ƙarami ta ƙaru, mai ciki ta ci ya je ga jariri. kuma tafasa ruwa ba ya fitar da ita, alam ma laka kawai yake kwantarwa. abin da mutanenmu ba su lura ba shi ne ƙonawar nan ba a daji kaɗai ake yi ba, har a shagunan masu sayen zinariya cikin gari, kusa da masu sayar da abinci. kuma mu a Kumasi kar mu ɗauka abin na 'yan Dunkwa ne, dam ɗin Barekese da ke ba mu yawancin ruwan famfo a kan Offin ɗin nan yake, can sama. a 2024 kamfanin ruwa da kansa ya ce a Sekyere Hemang da ke ba Cape Coast ruwa daga Pra, laka ta kai 14,000 a ma'auninsu alhali injinan 2,000 aka yi su su ɗauka

Ustaz: Assalamu alaikum. tun ɗazu nake karantawa. ni abin da ya same ni zan ba ku. kafin zaɓen 2024 na yi huɗuba a kan ɓarna a bayan ƙasa, na kawo hadisin da ya hana almubazzaranci da ruwa ko da mutum yana alwala a bakin kogi mai gudu, ban ambaci fati ko ɗaya ba. kafin la'asar an kai ƙarata wajen kwamitin masallaci wai na yi wa lema kamfen a kan mumbari. bayan an canza gwamnati na sake yin huɗubar, kusan kalma da kalma don takardar ma ita ce, sai ga wasu daban sun zo wai Malam ashe kai ɗan giwa ne ba mu sani ba. yanzu limamai da yawa sun gwammace su yi huɗuba a kan haƙƙin maƙwabci su sauka lafiya. 'yan Katolika a Accra sun fita tattakin addu'a a Oktoba 2024 da fada-fadansu a gaba, mu kuwa muna tsoron kar a ce

Giwar Sawaba: Allah gafarta Malam ni ban kai ƙara ba fa

Ustaz: Ban ce kai ba ne. amma ka san wanda ya kai

Baba Alabar: Yara ku saurara. jikana ke rubuta min, ni ina faɗa. abin da ya sa zango ba ya iya maganar nan da baki ɗaya ya girme ku. a 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar ƙasa, ina saurayi a lokacin, na ga an sayar da gida kuɗin akuya, na ga maƙwabtanmu da aka haifa a nan Kumasi an loda su a mota zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. tun daga nan gidaje da yawa a zango suka rantse ba su ba wannan layin, suka gadar wa 'ya'ya da jikoki. shi ya sa Asawase take ta lema a tsakiyar Asante inda giwa ke da ƙarfi. daga baya su ma giwa suka kawo Aliu Mahama, suka kawo Bawumia, suka kawo asusun raya zango, wasu gidaje suka koma can. to wanda fati ta zame masa gadon gida, in ka ce masa fatinka ta ɓata kogi, ji yake ka zagi ubansa. ba hujja yake saurara ba. ni dai na sha ruwan Offin da hannuna ina yaro muna zuwa sayen goro, wannan kawai zan ce

Sakatare: Allah ya ƙara lafiya Baba, mun gode

Na Bronx: Gaisuwa Baba. jama'a ku yi haƙuri yanzu na tashi daga aiki. abin da kuke faɗa ni tsoro yake ba ni don na ga ƙarshensa a nan. a Amurka hukumar kare muhalli ta ƙasa Nixon ne ya kafa ta a 1970, ɗan Republican, lokacin fati biyun duk suna sa hannu a dokar iska da ta ruwa. yanzu kuwa in ka ce sauyin yanayi an riga an san wa kake zaɓa. Obama ya shiga yarjejeniyar Paris, Trump ya fita, Biden ya koma a 2021, Trump ya dawo a 2025 ya sake sa hannun fita ranar da aka rantsar da shi. amma ku lura da bambanci, a nan fati ɗaya ta ɗauki maganar ɗaya ta yar, kowa ya san matsayinsa. a Ghana ba wanda ya yar, duka biyun suna rantsuwa suna ƙin galamsey, sai dai maganar ta zama kayan ɗan adawa, wanda ya faɗi zaɓe ya ɗauka wanda ya ci ya ajiye. ban san wanne ya fi muni ba wallahi

Lauyar Gobe: Namu ya fi sauƙin gyara yaya, don aƙalla ba wanda zai fito ya ce kogin lafiyarsa lau. amma ni ban yarda da masu cewa a cire siyasa daga maganar ba. a cire ta a sa me? lasisi minista ke sa hannu, DCE, wato shugaban gunduma, shugaban ƙasa ke naɗa shi kuma shi ne shugaban kwamitin tsaro na gunduma, soja da ɗan sanda umarni suke jira, kuɗin kamfen kuma kowa ya san ba daga sayar da kati yake fitowa ba. ƙaramin haƙa halal ne tun dokar 1989, na 'yan ƙasa ne kaɗai, amma wa ke samun takarda da wuri wa ke shekara yana jira, nan siyasar take. ko Otumfuo sarkin Asante da ya tuɓe wasu sarakuna a kan galamsey iyakarsa sarakunansa, ba shi ke riƙe da soja ba. matsalar ba siyasa ba ce, matsalar kowa gidan maƙwabci yake jifa. in Giwar Sawaba ya zagi Mahama a kan Offin ba wanda zai ji a Jubilee House fadar shugaban ƙasa, sun san ba zai zaɓe su ba ko kogin ya koma madara. amma in Ɗan Aboabo da irinsa 200 masu kati suka ce wa ciyaman ɗin mazaɓa ba za mu fito kamfen ba sai mun ga an kai masu eskabeta kotu, wannan za a ji. haka shi ma Giwa, lokacin da maganarsa ke da nauyi shi ne 2017 zuwa 2024, kuma a lokacin shiru ya yi

Giwar Sawaba: Ƙanwata kin yi min rashin adalci, na yi magana a cikin gida

Lauyar Gobe: A cikin gida ina? a zauren nan dai abin da ka rubuta a 2024 shi ne masu zanga-zanga sun tare hanyar asibitin 37 a ɗaure su

Giwar Sawaba: Sun tare hanya ai. kuma ina suke yanzu? nawa ne cikin masu ihun nan suka samu muƙami suka yi tsit? ƙungiyar ƙwadago ta sa ranar yajin aiki 10 ga Oktoba 2024, malaman jami'a suka tafi nasu, kowa na kiran a sa dokar ta-ɓaci, yanzu da Mahama ya ce dokar ta-ɓaci sai in komai ya ƙare ina yajin aikin? wannan shi ke sa mu ce da ma ba kogin ne ya dame su ba

Tica Asawase: Wasu sun yi tsit, gaskiya ne, kuma abin kunya ne. amma ba duka ba. Ken Ashigbey da haɗakar 'yan jarida tun 2017 suke magana har yau ba su canza murya ba. Erastus Asare Donkor ɗan garin nan ne, ya shiga daji da kyamara lokacinku har aka lakaɗa masa duka a 2024, kuma bai daina ba da aka canza gwamnati. irin waɗannan lokacinku kun ce 'yan lema ne, yanzu 'yan lema na cewa an saye su. duk wanda bai canza ba sai an ba shi fati biyu

Ɗan Aboabo: To ni ma bari in faɗi nawa tunda an taso ni. ba zan ce an gama ba, amma kar a ce ba a yi komai ba. ministan filaye ya tsaya a majalisa a farkon 2025 ya ce gandun daji 44 cikin 288 an shiga, 9 ma jami'an daji ba sa iya taka su, wannan gadon muka tarar. an kafa Blue Water Guards masu gadin koguna, an kafa NAIMOS mai yaƙi da galamsey, an soke lasisin kamfanin haƙa na Akonta, har manyan fatinmu biyu babban lauyan gwamnati ya ce EOCO, hukumar binciken laifukan kuɗi, ta bincika, yaushe kuka taɓa yi wa naku haka? kuma ranar 6 ga Agusta 2025 mutum 8 suka mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Adansi, har da Murtala ministan muhalli da Omane Boamah ministan tsaro, Obuasi za su je a kan maganar haƙar nan. mu abin ya ci mana mutane

Ustaz: Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya ba iyalan duka haƙuri. amma ɗana kar mu sa mamata a cikin gardamar fati, rashin na ƙasa ne gaba ɗaya

Ɗan Aboabo: Na ji Malam

Lauyar Gobe: Binciken manyan naku biyu ina ya kwana? tambaya ce kawai. sannan ga inda ni nake ganin kowace gwamnati za ta riƙa jan ƙafa. zinariya oza ɗaya ta haura dala 3,000 a 2025 har ta taɓa 4,000, GoldBod, hukumar zinariya ta gwamnati, ke sayen ta ƙananan masu haƙa, dalar da ke shigowa ita ta taimaka sidi ya yi ƙarfi daga wajen 15 a dala ɗaya zuwa kusan 10. kowa a zauren nan ya ji daɗin wannan, har masu odar kaya daga China. to wa ke tantance wacce zinariya ta fito daga mai lasisi wacce ta fito daga cikin Offin? in an narkar duk launi ɗaya ne. idan ɓera da sata daddawa ma da wari

Direban Dunkwa: Yauwa 'yar'uwa. kuma ku da ke Kumasi kuna cewa a ƙone a kama, ku zo ku faɗa wa yaron da ya gama sakandare ba aiki, wanda abin da zai samu a rami a sati ya fi na wata a tuƙin pragya, keke mai ƙafa uku. manomin koko da kansa yake sayar da gonar, ba a tilasta shi ba, lissafi ya yi. garin da galamsey ke ciyarwa duk ɗan takarar da ya ce zai hana ya faɗi, shi ya sa a Accra suke magana ɗaya in sun zo nan su yi wata. ni ban ce a bari ba, ƙanina na ciki kuma ba na barci in an yi ruwan sama. amma in za ku yi tattaki ku rubuta a allon me yaran za su ci

Hajiya Mai Waakye: Kuma kafin ku je Offin ku leƙa rafin Aboabo da ke bayan gidajenku. wannan ba ɗan China ba ne ya cika shi da leda da robar piya wata, mu ne. duk damina sai ya shiga ɗakunan mutane. an yi ranar shara ta ƙasa lokacin Mahama na farko 'yan giwa suka ƙi fitowa, aka yi Green Ghana lokacin Nana 'yan lema suka ce ba za su dasa wa NPP itace ba, yanzu an canza masa suna Tree for Life su kuma waɗancan sun naɗe hannu. itacen ma sai an tambaye shi fatinsa

Na Bronx: Hajiya kin kashe ni da dariya wallahi

Sakatare: To jama'a dare na yi. ga abin da na tsinta, ku gyara min. ba tattaki tukuna. takarda ɗaya za a rubuta, Malama da Lauya su tsara, abu uku a ciki: a bayyana sunayen masu eskabetocin da aka kama da inda shari'arsu ta tsaya, a kare bakin dam ɗin Barekese da na Owabi, a kuma duba masu ƙona zaiba cikin unguwa. 'yan lema su kai wa ɗan majalisa da ciyaman ɗinsu da hannunsu, 'yan giwa su kai wa nasu, kowa ya sa sunansa. Ustaz in zai yiwu a karanta bayan Juma'a. sannan Asabar ta farkon wata a fito rafin Aboabo, ba rigar fati, ba hular fati

Giwar Sawaba: Na yarda amma a sa gandun dajin Atewa a ciki, kuma a rubuta cewa an yi alkawari ba a cika ba

Ɗan Aboabo: Atewa da ku kuka jinginar wa kamfanin China Sinohydro a kan dala biliyan 2? a sa mana, ni na fi kowa so. amma in za a rubuta alkawari a fara daga na 2017

Lauyar Gobe: Ba shekarar da za a rubuta. in kun ga shekara a takardar ku cire sunana

Direban Dunkwa: Maganar aikin yara fa? ban ji ta cikin ukun ba

Sakatare: Za ta zama ta huɗu, ka turo yadda kake so a faɗe ta

Ɗan Aboabo: Ni matsalata ɗaya, in na kai takardar nan ofishin fati da sunan Giwar Sawaba a kai za a ce na sayar da kaina, kuma ina jiran maganar aiki a wajensu. sai dai a yi kofi biyu kowa da sunayen mutanensa

Tica Asawase: In aka yi kofi biyu ai an koma inda aka fito

Ɗan Aboabo: Malama ke albashinki na zuwa ko wa ya ci. ku ba ni zuwa Alhamis in yi shawara

Hajiya Mai Waakye: Ku dai ku faɗa min mutum nawa za su fito ranar Asabar in san yawan shinkafar da zan jiƙa. kuma wa zai biya aboboya mai kwashe sharar, don wancan karon a bakin rafin kuka tara ta kuka watse ruwa ya mayar da ita ciki

Na Bronx: Aboboya biyu a kaina, Sakatare turo min lambar momo ta gefe

Giwar Sawaba: Safar hannu da buhu ni zan kawo, akwai ragowar na kamfen a shago

Sakatare: Masu tambarin giwa? a'a. ka juya buhun ciki waje ko ka bar su a shago